Yadda za a rage raunin 'yan wasan rugbi a filayen Yamai

Rugbi wasa ne da aka gina a kan karo, saboda haka babu mai horarwar da zai iya yi wa iyaye alƙawarin cewa ɗansu ba zai taɓa jin ciwo ba. Wani nazari da masana na Jami'ar Bath ta Ingila suka fitar a 2013, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan ƙwararrun 'yan wasa maza, ya nuna cewa ana samun rauni kusan 81 a cikin kowace awa 1,000 ta wasan gasa, alhali a lokacin atisaye adadin yana wajen 3 ne kawai. Mutum 15 ne ke buga minti 80, wato awa 20 ke nan idan aka haɗa lokacinsu, don haka kowace ƙungiyar ƙwararru tana samun mai rauni ɗaya ko biyu a duk wasa. Alƙaluman 'yan makaranta da na ƙungiyoyin unguwa ba su kai haka ba, domin nauyinsu da gudunsu ba su kai na ƙwararru ba, amma irin raunin ɗaya ne.

Sai dai mafi yawan wannan bincike an yi shi ne a Ingila da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu da Ostareliya, a kan ciyawa mai laushi, likita yana tsaye a bakin fili. Mai horarwa a Yamai kuwa yakan tara yaransa ne a kan jar ƙasa mai tauri, rana na dukansu, kuma sau da yawa shi kaɗai ne babba a wurin. Abin da aka gano a can yana da amfani a nan, amma sai an haɗa shi da abubuwa uku da muke fama da su a nan, wato zafi da zazzaɓin cizon sauro da taurin ƙasa.

Kafin yaro ya taɓa ƙwallo

A zauna da duk sabon ɗan wasa, tare da mahaifinsa ko yayansa idan ƙarami ne, a yi masa tambayoyi a rubuta amsoshin. A tambaya ko ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana cikin gudu, da ko a danginsa akwai matashin da ya faɗi ya rasu ba tare da jinya ba, domin waɗannan suna iya zama alamar ciwon zuciyar da ake gado, kuma mai irin wannan tarihi sai likita ya duba shi kafin a karɓe shi. A tambaya ko ya taɓa buguwa a kai har ya rikice, ko a wasa ko a haɗarin babur. A duba kuma ko ya yi rigakafin tetanus, tunda babu ɗan rugbin da zai yi mako a kan ƙasarmu bai kuje gwiwa ba.

Maganar sikila tana buƙatar a tsaya a kanta, domin gadonta ya yawaita a Nijar, kuma akwai cibiyar ƙasa ta kula da wannan ciwo a Yamai inda ake gwajin jini. Wanda gwajinsa ya nuna SS ba a sa shi wasan karo sai da yardar likitansa. Wanda ya nuna AS lafiyarsa ƙalau, yana iya wasa kamar kowa, amma mai horarwa ya san da shi, saboda gudu mai tsanani da ake maimaitawa babu hutu, cikin zafi da ƙishirwa, yana iya sa jininsa ya toshe ƙananan jijiyoyi har ya zube. Irin wannan ɗan wasa idan ya ce ƙafafunsa sun mutu ko numfashinsa ya sarƙe, a tsayar da shi nan take, kada a ce ragwanci ne.

Mai zazzaɓi ba ya atisaye, komai muhimmancin wasan da ke tafe. Bayan zazzaɓin cizon sauro saifa takan kumbura a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kuma kafaɗa ɗaya da ta same ta tana iya fasa ta, jini ya riƙa zuba a ciki ba a gani. Wanda ya tashi daga zazzaɓi ya fara da gudu mai sauƙi, kuma idan yana jin nauyi ko ciwo a wannan gefen, likita ne zai ce yaushe zai koma karo.

Filin kansa ba ya buƙatar dogon bayani. 'Yan wasa su jeru su taka shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan suna tsince duwatsu da kwalba da ƙusa, a yayyafa ruwa a wurin da za a yi kayarwa idan da hali, a naɗe gindin turakun raga da tsohuwar katifar soso. Inda ƙasa ta yi tauri ƙwarai, a kai atisayen kayarwa kan rairayi, a bar filin don gudu da miƙa ƙwallo.

Zafi

A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, saboda haka atisayen bazara na bayan sallar Asuba ne ko kuma na bayan La'asar sakaliya. Jiki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki mai tsanani cikin zafi, kuma haihuwa a Sahel ba ta ɗauke wa kowa wannan, musamman wanda ya dawo daga hutu ko jinya. A makonni biyu na farko a taƙaita lokaci, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Hanyar da ta fi sauƙi ta sanin ko ruwan da ake sha ya isa ita ce sikeli. A auna kowa kafin atisaye da bayansa, domin kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Idan abin da ya ragu ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato fiye da kilo 1.6 ga mai kilo 80, ƙarfi da natsuwa sun fara raguwa, kuma ɗan wasan da natsuwarsa ta ragu shi ne ke sa kansa inda bai kamata ba lokacin kayarwa. Kowane kilo da aka rasa a mayar da shi da ruwa wajen lita 1.5 cikin awannin da ke biye. A ba da hutun shan ruwa a inuwa duk bayan minti 15 zuwa 20. Babu buƙatar lemon kanti mai tsada, domin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, wato haɗin da ake yi wa mai gudawa, yana mayar da abin da gumi ya kwashe.

Bugun zafi yana kisa, kuma alamarsa ta farko tana a kai ne: ɗan wasa ya rikice, ya riƙa tangaɗi, ya yi faɗa babu dalili ko ya faɗi. Kada a jira gumi ya ɗauke, domin mai bugun zafi a filin wasa yakan kasance sharkaf da gumi. A sanyaya shi tun a fili kafin a ɗauke shi, domin minti 30 na farko su ne ke raba rayuwa da mutuwa. A tuɓe masa riga, a sa shi cikin babban baho na ruwa da ƙanƙara kansa yana waje, ko a kwantar da shi a kan tamfol mutane su ɗaga gefunan a riƙa kwarara masa ruwan sanyi, wani kuma ya kira 'yan kwana-kwana ta lamba 18. Wannan ya sa jarkar ruwa da ƙanƙarar leda suke cikin kayan atisaye daidai da ƙwallo.

Ɗumama jiki da koyon kayarwa

Zagaya fili sau biyu da miƙe ƙafa ba ɗumama jiki ba ne. Jami'ar Bath da hukumar rugbi ta Ingila sun tsara wani shiri mai suna Activate, wanda daga baya hukumar rugbi ta duniya, World Rugby, ta rungume shi, kuma sun gwada shi a kan 'yan makaranta fiye da 3,000 masu shekara 14 zuwa 18. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna cewa ƙungiyoyin da suka yi shi aƙalla sau uku a mako sun samu ragin raunin wasa da kashi 72 cikin 100, girgizar ƙwaƙwalwa kuma, wato rikicewar da buguwar kai ke jawowa, ta ragu da kashi 59. Sharaɗin sau uku ɗin shi ne abin lura, domin waɗanda suka riƙa yi jefi-jefi ba su ga irin wannan amfani ba.

Shirin ba ya buƙatar ko da ƙarfe ɗaya, kuma minti 20 ya ishe shi. A fara da gudu mai sauƙi ana sauya alƙibla, a biyo da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya aboki yana ɗan turawa, sannan tsalle da sauka a kan gwiwa mai lanƙwasa wadda ba ta karkata ciki ba. Don naman bayan cinya, ɗan wasa ya durƙusa abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa tafiya gaba a hankali jikinsa a miƙe har sai ya kasa riƙe kansa ya tare da hannu. Binciken da aka tattara daga wasanni daban-daban ya nuna cewa wannan motsi yana rage tsinkewar naman da kusan rabi. Don wuya, ya sa tafin hannu a goshi ya tura kai da hannu suna turjiya ba tare da kan ya motsa ba na daƙiƙa 10 zuwa 15, ya maimaita a ƙeya da gefe biyu. A ganina wannan na wuya shi ne yara suka fi rainawa, kuma shi ne bai kamata a tsallake ba.

Kayarwa ita ce uwar rauni a rugbi. Wani bincike da Ross Tucker, masanin kimiyyar wasanni ɗan Afirka ta Kudu, ya jagoranta aka buga a 2017 ya duba bidiyon buguwar kai fiye da 600 a wasannin ƙwararru, ya gano cewa kashi 76 cikin 100 a wajen kayarwa suka faru, kuma a cikinsu kashi 72 mai kayarwar ne ya ji ciwon, ba mai riƙe da ƙwallo ba. Haɗarin ya fi yawa idan mai kayarwa ya zo a tsaye, domin a lokacin kai biyu suna wuri ɗaya. Faransa ta sauko da iyakar kayarwa zuwa ƙugu a ƙananan rukunonin waɗanda ba ƙwararru ba a 2019, bayan mutuwar wasu matasan 'yan wasa huɗu cikin ƙasa da shekara guda, kuma a 2023 World Rugby ta shawarci ƙasashe su gwada iyakar ƙasan ƙashin ƙirji a wasan da ba na ƙwararru ba.

Ga yadda za a koyar da ita. Mai kayarwa ya matso da gajerun taku har ƙafarsa ta gaba ta kusa shiga tsakanin ƙafafun abokin karawa, ya lanƙwasa gwiwa da ƙugu bayansa a miƙe, idonsa a buɗe yana kallon inda zai dafa, haɓarsa ba ta faɗa ƙirji ba. Kafaɗa ce ke fara taɓawa, tsakanin ƙugu da ƙasan ƙirji, kai kuma yana wucewa ta gefe ko ta bayan mai ƙwallo, kuncinsa manne da cinya ko ɗuwawu. Hannaye biyu su rungume su matse, ƙafafu su ci gaba da turawa. Yaran da suka tashi suna kallon kokawar takobi sun riga sun san amfanin sunkuyawa da riƙo, amma ɗan kokawa yakan haɗa goshi da abokin karawarsa suna neman sa'a, kuma wannan ɗabi'a ita ce ta farko da za a cire wa ɗan rugbi. A fara koyarwa a durƙushe, sannan ana tafiya, sannan ana sassarfa, kuma kada a wuce mataki sai yaro ya iya da kafaɗar dama da ta hagu, tunda a wasa ba shi ke zaɓen gefen da za a biyo masa ba. A koya wa mai ƙwallo shi ma yadda ake faɗuwa a kan gefen jiki, haɓa a tsuke, ba tare da miƙa hannu ya dafa ƙasa ba, domin a kan jar ƙasa wannan dafawar ce ke karya wuyan hannu da ƙashin wuya na gaba.

Yawan karo a atisaye ba ya ƙara taurin kai. A 2021 World Rugby da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya sun shawarci ƙwararru da kada cikakken karo ya wuce minti 15 a mako, karo mai sassauci kuma minti 40. Idan wannan ya ishi masu cin abinci da wasan, babu hujjar a sa 'yan makaranta su yi awa guda suna gwabza juna. A mele kuwa, wato inda 'yan wasan ɓangarorin biyu ke sunkuyawa su haɗa kafaɗu suna turin juna don neman ƙwallo, kada a sa wanda ba a horar ba a sahun gaba don cike gurbi, kuma a bi kira uku na alƙalin wasa, wato sunkuyawa da riƙo da haɗuwa, tsarin da aka kawo a 2013 bayan an auna cewa yana rage ƙarfin karon da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ranar da babu ƙwararrun sahun gaba, a yi mele ba tare da turi ba.

Idan kai ya bugu

Girgizar ƙwaƙwalwa ba sai an suma ba, hasali ma waɗanda ke suma ba su kai ɗaya cikin goma ba. A lura da wanda ya jima bai tashi ba, ko ya tashi yana layi, ko ya riƙe kai, ko ya tsaya idonsa a buɗe amma hankalinsa ba ya wurin. A tambaye shi wane fili ake, wane rabin lokaci ake ciki, wa ya ci maki na ƙarshe, da wace ƙungiya aka kara makon jiya. Kuskure ɗaya ya isa, kuma ko ya amsa duka daidai, ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya ko ganin dishi-dishi sun isa a fitar da shi. Gwajin minti 12 da ake gani a talabijin, inda ɗan wasa ke fita ya dawo, na ƙwararru ne masu likita da bidiyo. A filin unguwa wanda aka yi shakka a kansa ya gama wasan ranar.

Nan ne aikin ya fi wuya, domin yaron zai ce, "Malam, wallahi ba komai, na warware," abokansa su taya shi roƙo, shugaban ƙungiya ma wataƙila ya yi magana. Amsar mai horarwa ɗaya ce: "Ɗana, zauna, yau ka gama." Ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba tana saurin sake buguwa, kuma a wurin matasa bugu na biyu, ko da yake ba kasafai ba, yana iya kumbura ta har a rasa rai. Akwai kuma lissafin shekaru masu zuwa. Steve Thompson, wanda ya ci Kofin Duniya da Ingila a 2003, ya bayyana a 2020 cewa yana fama da ciwon mantuwa tun yana ɗan shekara 42, kuma binciken Jami'ar Glasgow na 2022 a kan tsofaffin 'yan wasan Sukotlan 412 ya nuna cewa haɗarin cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa a wurinsu ya fi ninki biyu na sauran jama'a.

A garzaya asibiti idan yana amai a kai a kai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci yana rinjayarsa ba a iya tashinsa, ko ya yi farfaɗiya, ko yana ganin abu bibbiyu, ko wata gaɓa ta yi sanyi. Wanda ya ce wuyansa na ciwo ko yana jin tsira-tsira a hannu da ƙafa ba a ɗaga shi, ba a zaunar da shi, ba a ja masa wuya. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan yadda ya same shi har masu ɗaukar marasa lafiya su iso. Wanda bai nuna waɗannan alamu ba a raka shi gida, kada ya tuƙa babur, a gaya wa iyayensa abin da ya faru, kuma kada a bar shi shi kaɗai a awa 24 na farko. Farasitamol ya isa don ciwon kai, a guji asfirin da danginsa saboda suna iya ƙara zubar jini.

Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 don wasannin da ba na ƙwararru ba tana da sauƙin bi. A huta awa 24 zuwa 48 tare da rage kallon waya, sannan a fara tafiya da karatu kaɗan-kaɗan, a ƙara da sassarfa da miƙa ƙwallo muddin alamun ba su tsananta ba. Ba a komawa atisayen karo sai an yi kwana 14 babu wata alama, ba a kuma buga wasan gasa kafin kwana 21. Idan alamu sun wuce kwana 28, maganar ta likita ce. Hular soso tana kare kunne da fatar kai amma gwaji bai nuna tana hana girgizar ƙwaƙwalwa ba, don haka idan kuɗin ƙungiya kaɗan ne a fara sayen robar haƙori, wadda bayan Niyu Zilan ta wajabta ta a ƙarshen shekarun 1990 raunin haƙori ya ragu da kashi 43 cikin 100.

Targaɗen idon sawu ana sa masa ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji, a ɗaga ƙafar. Idan mutum bai iya taku huɗu a kanta ba, ko ƙashin kansa yana zafi idan an danna, a ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa, domin murza da ja a kan karayar da ta shiga gaɓa suna iya barin yaro da ɗingishi. Mai horarwa ya sa ido kuma a kan tramol, wanda wasu matasa ke sha don kashe ciwo da gajiya: yana ɓoye raunin da ya kamata ya tsayar da mutum, yana iya jawo farfaɗiya, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024.

Abinci ba ya buƙatar garin kanti. Wake da nono da ƙwai da gyaɗa da kifin Kwara suna gina tsoka, gero da shinkafa suna ba da ƙarfi, kuma fura da nono bayan atisaye ta haɗa duka biyun. Barci ya kai awa 8, domin wani binciken Amurka na 2014 ya nuna cewa matasan 'yan wasan da ba su kai haka ba sun fi saurin jin rauni da ninki 1.7. A watan azumi a mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki, wanda za a yi kafin Magariba kuma ya zama gajere marar karo.

A ƙarshe a ajiye littafi guda na ƙungiya, a riƙa rubuta kowane rauni da ranarsa da gaɓar da ya shafa, da abin da ake yi lokacin da ya faru, da mintin wasan, da kwanakin da ɗan wasan ya yi bai dawo ba. A ƙarshen kakar wasa a zauna da kyaftin a karanta shi. Idan yawancin raunin a minti 20 na ƙarshe yake, juriya ce ta gaza ko ruwa bai isa ba, sai a gyara wannan. Idan kuwa buguwar kai ta taru a wurin masu kayarwa da kafaɗar hagu, a mayar da ƙungiyar gaba ɗaya kan rairayi a durƙushe, a sake koyon wannan gefen daga farko.